Tarihin Sana'ar Ceto Rubutu Daga Faifan Kwamfuta

Daga cikin sana'o'in da zamanin kwamfuta ya haifar akwai wata wadda ba a cika tuna ta ba sai ranar musiba, ranar da ɗalibi ya kunna na'urarsa da kundin bincikensa a ciki, ko attajiri da lissafin bashin da yake bin jama'a, sai ya ji wani sauti yana fitowa daga cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, allon kuwa ya ƙi nuna kome. Masu wannan sana'a su ne masu ceto bayanai daga faifan ajiya da ya kama hanyar mutuwa, kuma ko da yake shekarunta ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, ta riga ta tara tarihi da ƙa'idoji, da saɓani tsakanin masananta, har da camfe-camfen da jama'a suka jingina mata. Wanda ya bi diddigin wannan tarihi zai tarar ilmin duka ya ginu a kan mas'ala guda, wadda aka jima kafin a fahimce ta sosai, watau cewa sau da yawa rubutun yana nan daram a inda aka ajiye shi, hanyar isa gare shi ce kawai ta toshe, kuma da yawa daga abin da ya salwanta har abada ya salwanta ne a hannun mai gaggawar gyara.

Asalin faifan yana komawa ga shekarar 1956, lokacin da kamfanin IBM, a ma'aikatar bincikensa da ke San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Reynold Johnson, ya fito da na'urar da aka kira RAMAC. Farantai 50 aka jera a kan sanda guda, kowanne faɗinsa inci 24, an shafe su da fenti mai ɗauke da tsatsar ƙarfe wadda ke karɓar maganaɗisu, suna juyawa sau 1,200 a minti ɗaya, dukansu kuma ba su ɗaukar fiye da haruffa miliyan 5, alhali nauyin akwatin ya kai tan guda. Hannu ɗaya ne ke hawa da sauka a tsakanin farantan, yana ɗauke da allurar da ke rubutu da karatu. Sharaɗin da aka gindaya tun ranar farko, wanda har yau bai sake ba, shi ne allurar nan ta kusanci farantin iyakar kusanta amma kada ta taɓa shi. A RAMAC iska ake hurawa ta cikin allurar don ta ɗage. A 1961 kuma aka gano dabarar barin ta ta yi iyo a kan iskar da juyawar farantin da kansa ke tayarwa. Tun daga nan rayuwar kowane faifai ta rataya a kan wannan siririyar iska, wadda a faifan zamaninmu ba ta wuce nanomita kaɗan ba, har ya zama ƙwayar ƙura guda, ko ɓurɓushin hayaƙi, ko shatin yatsa, sun fi ratar girma nesa ba kusa ba. In allura ta faɗi a kan farantin da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, sai ta kankare shafen da rubutun ke ciki, garin da ta kankaro ya bazu ya shiga ƙarƙashin sauran allurai, ɓarna ta haifi ɓarna.

Duk da haka, a shekaru ashirin da biyar na farko ba a sami wata sana'a mai zaman kanta ta ceto ba, dalili kuwa a bayyane yake. Masu mallakar faifai a wancan zamani bankuna ne da gwamnatoci da jami'o'i, suna da ɗakuna masu sanyi da ma'aikata na musamman, kuma al'adarsu ce su juye abin da ke faifai zuwa kan tef a kai a kai, saboda haka in faifai ya faɗi sai injiniyan kamfani ya zo ya sauya abin da ya lalace, a ɗauko tef a mayar da rubutu. Illar da suka fi tsoro ita ce ta farantan da ake cirewa a sa, waɗanda suka bayyana a 1962, domin ma'aikacin da bai sani ba yakan ɗauke farantin da ya karce ya kai shi wata na'ura don ya gwada, sai ya lalata allurarta, ita kuma ta lalata duk farantin da aka sa mata bayansa. A 1973 IBM ya fito da samfurin 3340, wanda aka sani da Winchester, inda aka rufe farantai da allurai a cikin gida guda don ƙura ta daina shiga. Wannan rufi ya rage haɗari ƙwarai, amma kuma shi ne ya mai da cikin faifai haramtaccen wuri ga kowa sai mai ɗaki na musamman.

Al'amarin ya juya a 1980, shekarar da kamfanin Seagate, wanda Alan Shugart da Finis Conner suna cikin waɗanda suka kafa shi, ya fara sayar da ST-506, ƙaramin faifai mai ɗaukar megabayit 5 wanda zai shiga cikin kwamfutar kan tebur. A 1983 kuma IBM ya sa faifai mai megabayit 10 a cikin kwamfutarsa ta XT. Daga nan faifai ya fita daga hannun manyan hukumomi ya shiga ofishin lauya da ɗakin likita da gidan marubuci, mutanen da ba su da tef, ba su da injiniya, ba su kuma taɓa tunanin cewa abin da suka ajiye jiya zai iya ƙin fitowa yau ba. Bukata ta samu, kuma ita ce uwar sana'ar.

Babin farko da aka buɗe shi ne mafi sauƙi, na fayil da aka goge bisa kuskure. A 1982 Peter Norton ya fara sayar da tarin manhajojinsa, a cikinsu har da UnErase, wadda ta ginu a kan wata haƙiƙa da yawancin masu amfani da kwamfuta ba su sani ba. Tsarin DOS, in an umarce shi ya goge fayil, ba ya zuwa inda matanin yake ya shafe shi. Abin da yake yi shi ne ya sauya harafin farko na sunan fayil ɗin a cikin fihirisa da wata alama, ya kuma rubuta cewa gurbinsa ya zama fanko, ana iya ba wani. Muddin ba a rubuta wani sabon abu a gurbin ba, matanin yana nan harafi da harafi, sai mai shi ya faɗi harafin farko na sunan, manhaja ta mayar da shi cikin fihirisa. A nan aka sami ƙa'ida ta farko ta wannan ilmi, wadda duk sauran suka tsiro daga gare ta: faifan da ake neman wani abu a cikinsa, ba a rubuta masa kome.

Babi na biyu, na faifan da jikinsa ya samu rauni, ya fi wuya nesa. A 1985 wasu injiniyoyi da suka yi aiki a kamfanin Control Data suka kafa kamfanin Ontrack a jihar Minnesota, da farko don sayar da manhajar da ke taimaka wa kwamfuta ta gane manyan faya-fayai, amma da yake mutanen da suka rasa bayanansu sun riƙa komawa gare su da kuka, sai suka shiga aikin ceto, kuma kamfanin yana ƙirga 1987 a matsayin shekarar da ya yi cetonsa na farko. A cikin shekarun nan ne kuma kamfanin DriveSavers ya bayyana a garin Novato na Kalifoniya. Waɗannan gidaje sun ari wata hikima daga wani fage daban, ita ce ɗakin tsabta wanda Willis Whitfield ya tsara a ma'aikatar bincike ta Sandia a farkon shekarun 1960, inda tatacciyar iska ke kwarara ba yankewa tana share duk abin da ke yawo. Mizanin da suka ɗauka shi ne kada a sami fiye da ƙwayar ƙura 100, mai girman rabin mikron ko fiye, a cikin ƙafa ɗaya ta kowace fuska. A irin wannan ɗaki ne kaɗai ya halatta a kwance murfin faifai, a zare allurai matattu, a dasa wasu da aka ciro daga ɗan'uwansa lafiyayye. Mu da muka san yadda hazon hunturu ke shiga ɗaki a Kano ko Damagaram ko da an rufe taga, ya kamata mu fi kowa gane abin da ke faruwa in aka buɗe faifai da sukuddireba a kan teburin shago.

Talakawan masu kwamfuta kuwa, waɗanda kuɗin waɗannan gidaje ya fi ƙarfinsu, suka ƙirƙiro nasu magunguna, kuma adalci ne a ce wasu daga ciki suna da asali. Faya-fayan shekarun 1980 da farkon 1990 suna da wata cuta, in an kashe su allura takan sauka a kan farantin ta manne da man da aka shafa masa, injin juyi ya kasa tayar da shi. Sai mutum ya ɗauki faifan ya murɗa shi da sauri a hannu, ko ya ɗan mare shi a gefe, allura ta saki, ya tashi. Haka nan sa faifai a firji, wanda a wasu tsofaffin samfurori yakan sa ƙarfe ya ɗan tsuke, boris da ya cije ya saki na ɗan lokaci. Kuskuren shi ne an ci gaba da ruwaito waɗannan magunguna bayan cutar da aka yi su dominta ta gushe. Faifan yau yana ajiye allurarsa a kan wani tudu a wajen farantin, ratar da ke tsakaninsu ta ragu ninki bisa ninki, kuma raɓar da ke sauka a kan faranti mai sanyi in an fito da shi ta isa ta hallaka abin da ake son ceto. Hukunci ne da dalilinsa ya wuce, amma har gobe ana ba da fatawa da shi.

Babban juyin da ya auku a wannan sana'a, a ganina, a cikin niyya ya auku kafin ya bayyana a kayan aiki. Mutanen farko sun ɗauka aikinsu shi ne su gyara faifan, don haka manhajojin zamanin sukan tsaya a kan yankin da ya ƙi karantuwa su yi ta maimaita karatunsa sau ɗaruruwa, ko su shiga gyara fihirisa a kan faifan nan mai jinya. Sannu a hankali tajriba ta nuna cewa faifan da allurarsa ta raunana yana da ƙididdigaggun sa'o'i da suka rage masa, kuma duk sa'ar da aka kashe a kan yanki guda marar kyau an ɗebe ta ne daga rabon dubban yankuna masu kyau da ba a kai gare su ba. Sai aka koma ga wata hanya wadda malamanmu masu kwafe littattafai suka sani tun da daɗewa: malamin da aka kawo masa tsohon littafi da gara ta ci, takardunsa suna ruguɗewa in an taɓa, ba ya fara da shafin da ya fi lalacewa, yakan soma juye abin da ke karantuwa zuwa sabuwar takarda, yana barin sarari inda ya kasa, yana sa alama, sai ya gama ya dawo ga wuraren wuya ɗaya bayan ɗaya, tahakiki da gyara kuwa a kan kwafin yake yin su. Wannan ita ce hanyar da Kurt Garloff ya sa wa harsashi da manhajarsa dd_rescue a 1999, Antonio Diaz Diaz kuma ya kammala ta da GNU ddrescue a 2004. Ita wannan ta biyun tana kwashe manyan wurare masu lafiya da farko, in ta ci karo da matsala ta tsallake gaba, tana rubuta taswirar inda ta karanta da inda ta bari a wani fayil na daban, ta yadda ko wuta ta ɗauke, ko faifan ya suma aka sake tayar da shi, za ta ci gaba daga inda ta tsaya ba tare da ta sake wahalar da shi a kan abin da ta riga ta samu ba. In an sami kwafin, sai a ajiye marar lafiya gefe, a sa manhajoji irin su TestDisk, wadda Christophe Grenier ya fara a 1998, da 'yar'uwarta PhotoRec, su nemo fihirisar da ta ɓace, ko su tsinto hotuna da takardu ta hanyar gane alamomin da kowane irin fayil ke farawa da su. Abin da ya ƙara wa waɗannan ayyuka daraja shi ne masu su sun sake su kyauta ga duniya, har ya zama mai gyara a titin Beirut na Kano ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja yana iya riƙe makami iri ɗaya da na takwaransa na Jamus, in dai ya san lokacin da ya kamata ya tsaya. Faifan da ke juyawa yana karantuwa da ƙyar, wannan hanya ta dace da shi. Wanda kuwa ke ƙas-ƙas ko ƙarar gogayya, wajibi ne a kashe shi nan take, domin kowane juyi ƙarin kankara ne.

A daidai lokacin da masu ceto ke ƙwarewa, faifan shi ma yana ƙara zurfin ciki. Bayan da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus suka gano a 1988 wata ɗabi'a ta maganaɗisu da ta ba da damar ƙera allura mai tsananin ji, binciken da ya jawo musu kyautar Nobel a 2007, sai rubutu ya ƙanƙance har ya zama kowane faifai sai an daidaita shi shi kaɗai a masana'anta. Ana adana wannan daidaito a cikin ƙaramin guntu a kan allon lantarkinsa, sauran umarnin da yake tashi da shi kuma a wani ɓoyayyen yanki na farantan da kwamfuta ba ta gani. Saboda haka tsohuwar dabarar ciro allon wani faifai a ɗaura wa wani ta daina aiki sai an ɗauke guntun nan an dasa, alluran aro kuma sai an samo su daga faifan da ya dace a samfuri da zamanin ƙira. Mabuɗin wannan ɓoyayyen yanki bai fito daga masu ƙera faifai ba. Daga birnin Rostov na ƙasar Rasha ya fito, inda kamfanin ACE Laboratory, wanda aka kafa a 1991, ya ƙera na'urar PC-3000 da ta zama ruwan dare a gidajen ceto na duniya. Amfanin sanin wannan fage ya bayyana a farkon 2009, sa'ad da faya-fayan Seagate samfurin Barracuda 7200.11 suka riƙa kullewa bayan an kunna su, kwamfuta ta daina ganinsu, alhali ko harafi ɗaya bai taɓu a kan farantansu ba, kuskure ne kawai a cikin umarnin ciki.

Labarin da ya fi kowane nuna iyakar abin da sana'ar ke iyawa shi ne na kumbon Columbia, wanda ya tarwatse a sararin samaniyar Texas ranar 1 ga Fabrairu 2003 yana kan hanyar dawowa, mutum bakwai da ke cikinsa suka rasu. Cikin tarkacen da aka tsinta har da wani ƙaramin faifan Seagate wanda bai kai rabin gigabayit ba, mai ɗauke da sakamakon gwajin da aka yi a kan iskar zenon, don a ga yadda kaurinta ke raguwa in an motsa ta. An riga an aiko da mafi yawan bayanan zuwa ƙasa tun kumbon yana sama, amma sauran suna cikin faifan. Da ya isa hannun Jon Edwards, injiniya a Ontrack, allon lantarkinsa ya ƙone, abin da ke toshe bakinsa ya narke, ƙasa ta shiga ciki. Sai dai farantan ba su lanƙwashe ba, kuma Allah ya ƙaddara cewa na'urar gwajin da tsohon tsarin DOS take aiki, wanda ya jera rubutun wuri guda bi da bi, raunin da farantan suka samu kuwa ya faɗa ne a ɓangaren da babu kome. Edwards ya wanke su da sinadari, ya dasa su a gangar jikin wani faifai irinsa, cikin kwana biyu ya fito da kashi 99 cikin 100 na abin da ke ciki. Robert Berg na hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, da abokan aikinsa suka buga sakamakon a mujallar Physical Review E a 2008. Wajibi ne kuma a ambaci sauran labarin, cewa an kai wa gidan wasu faya-fayai biyu daga kumbon nan ba a sami kome a cikinsu ba, saboda zafi ya kai matsayin da ya zare maganaɗisun daga shafensu.

Iyakar ke nan: abin da aka kankare, ko zafi ya zare, ko aka rubuta wani a kansa, ya tafi. A kan na ƙarshen an yi doguwar muhawara tun bayan da Peter Gutmann ya gabatar da maƙalarsa a 1996, inda ya kawo tsarin maimaita rubutu sau 35 don shafe duk wata inuwa da ta rage a tsofaffin faya-fayai, har NIST ta bayyana a 2006 cewa ga faifan zamani shafe guda ya wadatar. Gargaɗin da faifai ke bayarwa game da lafiyarsa ma, tsarin da ake kira SMART wanda ya yaɗu daga tsakiyar shekarun 1990, ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Binciken da injiniyoyin Google suka gabatar a 2007 a kan faya-fayai fiye da 100,000 ya nuna cewa wanda ya nuna kuskuren farko a binciken farfajiyarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39, amma kuma kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba ko kaɗan.

Akwai kuma fuskar amana, wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba, domin ilmin da ke mayar wa mai abu abinsa shi ne kuma ke buɗe sirrin wanda ya sayar da tsohuwar na'urarsa yana zaton ya goge. Simson Garfinkel da Abhi Shelat sun sayi tsofaffin faya-fayai 158 suka ba da rahoto a 2003 cewa 12 kaɗai aka shafe yadda ya kamata, a sauran kuwa suka tarar da bayanan asibiti da wasiƙu da dubban lambobin katin banki. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga wata jami'ar Kanada suka sayi faifai a kasuwa a Gana kan dala 40, suka same shi cike da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman na Amurka. Kwamfutocin gwanjo da ke sauka a Tema ta Gana da Legas ta wannan hanya suke zuwa, namu kuma in sun tsufa haka muke sakinsu, kuma mai ceton da aka danƙa wa faifai ya ga abin da ko ɗan'uwan mai shi bai gani ba.

A yanzu ƙasar da sana'ar ta tsaya a kai tana motsi. Masu ƙera faifai mai juyawa, waɗanda a dā suka haura ɗari, sun koma uku, Seagate da Western Digital da Toshiba, tun daga 2013 kuma ana cika manya daga cikinsu da iskar hiliyam a liƙe su, abin da ya ƙara wahalar buɗewa. A cikin sababbin kwamfutoci ma'ajiyar SSD ta maye gurbinsa, ita kuwa ba ta da faranti ko allura, ba ta ƙara kafin ta mutu, tana warwatsa rubutu a cikin guntayenta bisa taswirar da ita kaɗai ta sani, sau da yawa kuma a kulle da mabuɗin sirri. Tana da wani umarni mai suna TRIM, wanda da shi kwamfuta ke sanar da ita cewa an goge fayil, sai ta share gurbinsa da kanta ba da jimawa ba. Don haka jinkirin nan da ke tsakanin gogewa daga fihirisa da gushewar matani, wanda Norton ya kafa kasuwancinsa a kai a 1982, a irin wannan ma'ajiya yakan taƙaita zuwa mintoci kaɗan, masu ceto kuma sun koma karatun lantarki da warware taswirorin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya.